Wa Anas Zai Ɗebe wa Kewa?

Da hannu ɗaya nake muku rubutun yau, ɗayan yana tallafe da kan yaro, don haka duk inda kuka ga harafi ya karkace ku yi min uzuri. Masu tambayata ko na sauka, e, na sauka lafiya, namiji ne. Ku kuma da yau kuka fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: mijina direban babbar mota ne, ya rasu a hanya ina ɗauke da tsohon ciki, na dawo ɗakin Ummata da akwatina da jaket ɗinsa guda ɗaya. Aurenmu bai daɗe ba, kwanan da ya yi a gida kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa nake ce masa Baƙo. Shi kuma ya ce baƙon da ya san inda ake ɓoye sukari ai ya zama ɗan gida.

Maganar da zan yi muku yau ta suna ce. Na san wani zai ce duk abin da ya same ki, suna ne ya dame ki? To ku bari ku ji.

Baƙo ba ya rubuta saƙo. Ya ce hannun da ke riƙe da sitiyari ba shi da lokacin latse-latse. Kira yake yi, duk inda ya tsaya shan mai ko salla. Da cikina ya fito sai ya tsiro da wata sabuwa. Muna gaisawa zai ce, “To matsa, ba ni mutumina.” Sai in buɗe muryar wayar in ɗora ta a kan cikina, in jingina da bango ina jinsa yana ba wa ciki labarin hanya: saniyar da ta ƙi matsa masa, tayar da ta fashe, mai shayin da ya cika masa ruwa a madara. Ni kuma in yi ta dariya har wayar ta zame.

Wata rana ya kira ya tarar ina kuka. Ba abin da aka yi min. Gidan hayarmu ne kawai ya yi tsit, maƙwabta duk sun fita aiki, na share ɗaki na sake sharewa, na wanke kwanukan da ba a ci komai a cikinsu ba. Na ce masa, “Baƙo, kewa za ta kashe ni a gidan nan.” Ina jin ƙarar motoci suna wucewa ta bayansa. Bai iya lallashi ba, Allah ya jiƙansa, cewa ya yi in sha ruwa.

Ashe maganar ta zauna masa. Bayan ’yan kwanaki ya kira muryarsa har rawa take don zumuɗi. Wai ya tsaya a wani ƙaramin masallaci na bakin titi inda direbobi ke salla, bayan an idar ya matsa kusa da dattijon da ya ja su, ya ce, “Baba, wane suna ake sa wa yaron da zai riƙa zama da uwarsa idan uban ba ya nan?” Dattijon ya yi dariya ya ce, “Anas.”

“Ki tsaya ki ji, na haddace,” in ji Baƙo. “Larabci ne. Daga kalmar unsu aka ciro shi, wato natsuwar nan da mutum ke ji idan yana tare da wanda ya saba da shi. Kishiyar kaɗaici. Anas shi ne wanda idan yana ɗaki, ɗakin ba ya yi miki faɗi. Mai ɗebe kewa.”

Na ce, “Kai da ba ka riƙe lambar wayarka, yau kai ne da Larabci?”

“Saura ma. Ya ce akwai sahabi mai sunan. Yana yaro ƙarami uwarsa ta kamo hannunsa ta kai shi wurin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce ga ɗana zai yi maka hidima. Aka yi masa addu’ar tsawon rai da yawan zuriya, kuma ya ga tsufa sosai. Kin ji, har da tsawon rai a ciki, kyauta.”

Daga nan ya ce in ɗora wayar. Na ɗora. Ya ce, “Anas, ka ji aikinka tun yanzu. Idan na fita, kai ne mai gida.”

Sai kuma muka yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Ya ce kada in gaya wa kowa, har Inna mahaifiyarsa. Shi yake so ya faɗa da bakinsa ranar da za a sa sunan, ya yi musu bayanin nan da ya haddace, ya ga yadda za su saki baki wai direba ya zama malami. Na yarda, don abin ya yi min daɗi, ya zama namu mu biyu. Wayarsa ta ƙone tare da gaban motar. Ba saƙo, ba murya, ba komai, sai abin da ke kunnena.

Kashegarin da aka sallamo ni daga asibiti Inna ta zo. Ina zaune a kan katifar da Umma ta shimfiɗa min a ƙasa, sanye da doguwar rigar Yaya mai ruwan toka don nawa duk sun matse ni, kaina ɗaure da wani tsohon ɗankwali. Ɗakin ya cika da warin man jarirai da turare, fanka tana juyi tana ƙyas-ƙyas, jaket ɗin Baƙo tana rataye a ƙusar bayan ƙofa. Inna ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Ƙaramar mace ce dama, amma tun rasuwar ta ƙara shigewa cikin mayafinta. Shi kaɗai ta haifa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take zaune a gidanta.

Na miƙa mata shi. Ta buɗe tawul ta duba fuskar, ta duba kunnen, ta duba yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, “Ya dawo.” Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Ta ce, “Na yi magana da Baffan marigayi. Sunan ubansa za a mayar masa.”

Umma ta ce ma sha Allah. Yaya, wato babbar yayata, ta ce ai dama haka ya dace. Ni kuwa na ji bakina ya buɗe da kansa.

“Inna, ya bar suna.”

“Wa?”

“Shi. Ya ce Anas za a sa.”

Ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, “Ya bar suna, ni da na haife shi bai gaya min ba?” Na ce ya so ya ba ku mamaki ne. Ina faɗa na ji yadda maganar ta yi kama da ƙarya a kunnena ni kaina. Yaya ta mintsine ni a cinya. Inna ta kwantar da yaron a hankali, ta gyara masa hula, ta yi mana sai an jima.

Ko ƙofar gida ba ta kai ba Yaya ta juyo kaina. Tana ninke kayan jariri tana magana, kowace riga sai ta buge ta a gwiwa kamar ita ta yi mata laifi.

“Ke Auta, ki yi wa kanki faɗa. Tsohuwa ta rasa ɗanta guda, ta roƙi abu ɗaya, ki tsaya kina ja da ita?”

“Yaya, ba ni nake ja ba. Shi ya ce.”

“Wa ya ji? Bango? Ko mun yarda, su za su yarda? Cewa za su yi kin tsinto a waya, irin sunayenku na ’yan zamani.” Ta rage murya ta matso. “Kuma ki buɗe kunnenki. Takabarki ta ƙare tun da kika sauke cikin nan. Kina da mai nema a bakin ƙofa, mutumin kirki, da sana’arsa. Ki bar musu sunan ku rabu da dangin nan lafiya, kada ki fita da baƙin jini.”

Bari in gaya muku wanda take nufi. Bakanike ne, aminin Baƙo, shi yake gyara masa mota tun kafin ya san ni. Bai taɓa aure ba, Baƙo yana tsokanarsa wai ya auri sufana sun zauna lafiya. Shi ya je wurin da abin ya faru, shi ya kawo min jaket ɗin nan a ninke cikin leda, ya ajiye a gabana. Tun daga lokacin bai ɗauke ƙafa ba. Yau ya gyara wa Umma famfo, gobe ya canza ƙwan fitila, jibi ya kawo lemo ya aje a bakin ƙofa ya juya. Ni ban ɗauki abin da wata manufa ba, sai da na haihu Yaya ta sanar da ni ya je wurin mijinta da magana. Ban tsane shi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma zuciyata har yanzu tana bakin titi tana jiran ƙahon wata mota.

Ina cikin wannan tunani wayata ta yi ƙara. Bakaniken ne.

“Barka da hutawa. Yaya jikinki da na yaron?”

Na daɗe ina kallon saƙon. Sai wani abu ya faɗo min. Na rubuta, “Abokinka ya taɓa yi maka maganar suna?”

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga shi: “Ya yi. Ina ƙarƙashin motarsa ina ɗaure birki, yana tsugune yana karanta min ma’anarsa. Ya rantsar da ni kada in faɗa.”

Wallahi sai da na dafe ƙirjina. Ashe Baƙo bai iya riƙe sirrin da shi ya ƙulla ba. Na yi dariya hawaye yana zuba, na rubuta, “To ka zo ka faɗa wa Inna da Baffa.”

“Tsohuwar nan ba ta da kowa. Ina jin nauyinta.”

“Ni ina da wa?”

Sai ya turo abin da ya sa na kusa jifa da wayar: “Ki bar mata wannan. In Allah ya ƙaddara tsakaninmu, namu na fari sai mu sa masa Anas.”

Jama’a, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, irin ta maza masu son a kashe wuta ko da rigar wani ce. Amma ni ji na yi kamar ya zuba min ruwan zafi. Na rubuta masa, “Suna ba taya ba ne da za ka kwance daga wannan mota ka ɗaura wa waccan. Uban yaron nan ya kira shi da sunan tun yana ciki, kuma ya amsa, don na ji motsinsa. Idan ba za ka iya faɗar gaskiyar mamaci ba, kada ka ƙara taɓa mana ko famfo.” Na kife wayar a ƙarƙashin filo.

Ana gobe za a sa suna, da la’asar, Inna ta dawo tare da Baffa, ƙanin mahaifin Baƙo, don a tsayar da magana. Aka zauna a falon Umma. Na sa baƙar abaya na yafa mayafi na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, yaron a cinyata. Na riga na saduda. A raina ina ba Baƙo haƙuri, ina ce masa na yi iya yina, bakina ɗaya ne.

Baffa ya gyara murya ke nan aka yi sallama. Bakanike ne, cikin fararen kaya masu karin guga, da hula sabuwa da ba ta zauna masa ba. Ya wanke hannun nan har ya yi fari, amma baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farcensa. Ya durƙusa ya gaida kowa. Ni kaɗai ya tsallake, ko inda nake bai kalla ba.

Ya ce, “Baffa, Inna, ku gafarce ni. Akwai amanar da aka ba ni, na ga idan na ci gaba da riƙe ta zan cuci mai ita. Marigayi ya gaya min da bakinsa, in namiji ne Anas yake so. Abin da ta faɗa gaskiya ne.”

Baffa ya shafa gemunsa ya ce, “To, magana ta ƙare. Uba ne ke da hakkin suna, kuma ya riga ya sa.” Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Ni kuwa wani sanyi ya sauko min tun daga wuya, na matse yaron na ce a raina, Baƙo, ka ji, an ji ka.

Inna ta miƙe ta ce in biyo ta ɗaki.

Ta zauna a bakin katifa ta karɓe shi. Idonta ya sauka kan jaket ɗin da ke bayan ƙofa, ya daɗe a can kafin ta ce, “Me yake nufi, sunan?”

Na gaya mata duka, yadda ya gaya min, har ina kwaikwayon yadda yake jan maganar. Na ba ta labarin ranar da na yi masa kukan kewa, da dattijon masallacin bakin titi, da kalmar unsu, da ɗakin da ba ya yi wa mutum faɗi. Na ba ta labarin sahabin da addu’ar tsawon rai. So nake ta ƙaunaci sunan, don haka ban rage komai ba.

Ta ce, “Uwar ce ta kai shi? Da hannunta?”

Na ce, “Haka ya ce, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta sa yatsa a tafin hannun yaron ya damƙe. Sai ta fara magana, ba ni take kallo ba.

“Kin san me ya sa na so sunan ubansa? Ba don gado ba, ba don mutane ba. Tun da ya tafi ban sake kiran sunan nan da ƙarfi ba. Idan na kira a gidan nan ni kaɗai, maƙwabta za su ce tsohuwa ta taɓu. Na so in sami wanda zan ƙwala wa kira ya amsa, shi ke nan. Har yau idan na ɗora tukunya ta mutum biyu nake ɗorawa, sai na zo zubawa in tuna. Idan babbar mota ta yi ƙaho a mahaɗa sai in tsinci kaina a tsaye ina neman takalmi.”

Na ce, “Ni ma, Inna.” Muka yi kuka mai isarmu, ita marar sauti, ni da shessheƙa. Ban taɓa jin kusanci da ita kamar lokacin ba.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, “Na yarda. Anas.” Ta faɗe shi a hankali, tana gwada shi a bakinta. “Ɗana ya iya zaɓe.”

Na kamo hannunta zan yi godiya, sai ta riƙe nawa da hannu biyu.

“Wancan mai fararen kayan, ba don abokinsa kaɗai ya zo ba. Mutumin da ya gaida kowa ya tsallake mace ɗaya, ai ya gama faɗar abin da ke ransa. Kada ki sunkuyar da kai, ban hana ki ba. Yarinya ce ke, ba zan so ki tsufa irin tsufana ba. Allah ya kawo miki mai ɗebe miki kewa, ki karɓa.” Ta numfasa. “Ni ce ba wanda zai zo min. Idan kin yaye shi, ki kamo hannunsa ki kawo min, kamar yadda waccan uwar ta yi. Ba umarni nake ba ki ba, ’yata. Roƙonki nake.”

Da ta ce za ta ƙwace shi ne, da na san abin yi, da na yi ihu na tara mata jama’a. Amma tsohuwa ce riƙe da hannuna. Kuma ni na ba ta labarin, da bakina, har da kwaikwayon murya.

Ban san Yaya tana bakin labule ba sai da na ji ta ce, “Ai hakan ma ya fi, Inna. Ita ta shiga ɗakinta da sauƙi, ke kuma kin sami na aike.” Na dubi Umma da ke tsaye a bayanta ko za ta ce wani abu. Ta kawar da kai tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Yau da safe aka sa masa suna. Daga ɗaki na jiyo muryar Baffa yana faɗa wa mutane, har ya ɗan yi musu bayanin ma’anar, ya yi ta tuntuɓe a wurin Larabcin. Da Baƙo ne da ya fi shi iyawa. Inna ta shigo ta ɗauke shi ta kira shi sau uku, da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo. Da za ta tafi ta ce ba ta gaggauta ni ba, tana jiran amsata.

Ga kuma wayata nan a gefen filo, saƙon Bakanike yana kai tun hantsi ban buɗe ba, amma farkonsa yana leƙowa: “Allah ya raya Anas. Idan kin ba ni izini, zan turo…”

Ku da kuke waje kun fi ni ganin hanya, ku gaya min. In na ce masa e, na san ranar da zan kama hannun yaron nan in kai shi. In na ce wa Inna a’a, na san tukunyar da za ta ci gaba da ɗorawa. Yanzu haka yana shan nono, ya damƙe min wuyan riga, ni kuwa kowane tsotso ji nake yana matso min da ranar yaye. Na sami sunan da na yi faɗa a kansa, ga shi nan ina kira yana motsa ido. Sai dai Baƙo mata biyu ya bari da kewa, Anas kuwa guda ɗaya ya bar mana.